Ruwan toka mai duhu a gidan Damagaram: bangon da ya dace da shi, da wanda zai sa ka da-na-sani

Ranar da mai fenti ya kwashe bokitansa ya naɗe ledar da ya shimfiɗa a ƙasa, na ɗauko Inna daga unguwar Birni don ta ga falon. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta shiga, ta tsaya tsakiyar ɗakin tana bin bango da kallo. Wajen sha ɗaya ne na safe, rana ta ƙwalle a tsakar gida. Sai ta ce, "Allah ya sanya albarka. Amma ɗan nan, kunna mini fitila, nan ciki magariba ta yi." Na kunna. Ta zauna ta buɗe Alƙur'aninta, ba ta yi layi uku ba ta rufe, ta ce a shimfiɗa mata tabarma a baranda.

Shekara uku ke nan. Bango huɗu na shafa wa ruwan toka mai duhu a lokacin. Yau ɗaya ne kawai ya rage a haka, sauran ukun na sake musu launi. Har gobe ina son wannan kala, kuma duk wanda ya shigo falon bangon nan ɗaya yake fara yabawa. Amma na ga hunturu uku, bazara uku da damina uku a kansa, don haka idan abokai masu sabon gini suka tambaye ni, ba na ce musu su sa, ba na ce musu su bari. Ina tambayarsu wane bango, ta ina yake kallo, kuma wa zai zauna a ɗakin.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai, don ruwan toka ba ɗaya ba ne. Wanda ya cika hotunan Facebook da TikTok, wanda masu fenti a nan suke kira "giri fonse" da Faransanci, shi ne mai duhu mai ratsin shuɗi. Idan kana son ganinsa ba tare da ka je shago ba, jira watan Agusta ka dubi gabas lokacin da hadari ya haɗu ya yi gangami: wannan launin ne. Masu harkar adon gida suna ce masa "mai sanyi" saboda shuɗin da ke ƙarƙashinsa. A jadawalin launuka na RAL, wanda ya samo asali a Jamus tun 1927 kuma ake ganin lambobinsa a jikin gwangwanayen fenti da ƙofofin ƙarfe, shi ne dangin lamba 7016 da 7015. Na biyu shi ne ruwan toka mai haske, kamar tokar murhu da ta huce, dangin 7035. Na uku kuwa ruwan toka ne mai ratsin ƙasa, wanda aka ɗan ɗiga masa ruwan ƙasa ko rawaya; kalar duwatsun nan na Birni ce idan rana ta yi yamma, shi ake ce wa "mai ɗumi". Sai na huɗu, wanda muka tashi muka tarar a gidajen iyayenmu: fari da ruwan madara. Tsakanin waɗannan huɗun mai gida yake zaɓe.

Yayin ruwan toka daga Turai da Amurka ya zo mana. Ya kai har Pantone, kamfanin tsara launuka, ya sa wani ruwan toka cikin launukansa na shekarar 2021. Hotunan da muke gani gidaje ne na ƙasashen da sararin samaniya yake lulluɓe da gajimare rabin shekara, tagoginsu manya-manya tun daga ƙasa har sama, wutarsu ba ta ɗaukewa, kuma iskarsu ba ta ɗauke da ƙura. Paris tana wajen digiri 49 arewa da tsakiyar duniya, Zinder, wato Damagaram, tana wajen digiri 14. Su neman rana suke yi su shigo da ita ɗaki, mu kuwa gudunta muke yi: ƙananan tagogi, labule mai kauri, baranda a gaban ƙofa. Fentin da ya yi kyau a ɗakin da ke shan haske ta tagar mita biyu, ba lalle ya yi haka a ɗakin da tagarsa ɗaya ce kuma a rufe take tun hantsi ba.

Maganar haske ita ce babba, kuma ita ce wadda ban yi lissafinta ba. Kamfanonin fenti suna auna yawan hasken da launi yake mayarwa, daga sifili zuwa 100. Farin fenti yana mayar da 80 ko fiye. Ruwan madara yana wajen 70. Ruwan toka mai haske, irin 7035, yana kusa da 60. Shi kuwa 7016 bai kai 10 ba. Ma'ana, idan haske kashi goma ya faɗa kan bangon, tara sun shige ba su dawo ba. A ɗaki mai farin bango, hasken ƙwai ɗaya yana dukan wannan bango ya koma wancan, ya hau silin ya sauko, har ya cika kusurwoyi. A ɗaki mai duhun bango, hasken da ya fito daga ƙwan kai tsaye shi ne kusan duk rabonka. Falona mita huɗu ne da biyar. Da a ce farin fenti ne, ƙwai biyu sun ishe shi. Da na sa mai duhu, na ƙara biyu suka zama huɗu, duk da haka yara suna jan littattafansu zuwa ƙarƙashin fitila idan za su yi aikin makaranta.

To ka haɗa wannan da halin wutarmu. Babban kaso na lantarkin da yankin nan yake sha daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina, kuma babu wanda ya manta watan Agusta na 2023 lokacin da aka yanke shi. Ko ba wannan ba, kowa ya san yadda wuta take yi a watannin zafi. Idan ta ɗauke ka kunna ƴar fitilar caji a ɗaki mai ruwan madara, za ka ga fuskar kowa, ka ga kwanon tuwo. A ɗaki mai ruwan toka mai duhu, fitilar tana haska tafin hannu ɗaya ne, sauran ɗakin kamar rijiya. Wanda yake kan sola da batir ɗaya ko biyu ya sani cewa duk ƙwan da ya ƙara, daga rabon fanka ya ɗiba.

Akwai kuma irin ƙwan. Yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa farin nan ne tas mai ɗan shuɗi, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa. Idan ya haɗu da bango mai ratsin shuɗi, shuɗi ya hau shuɗi, ɗakin sai ya yi sanyi ƙalau kamar ɗakin jiran likita, fuskar mutane ta yi toka-toka, har lallen hannun mata ya rasa jansa. Uwargida ce ta fara lura da haka a hotunan sunan ɗanmu. Da na canza zuwa 3000K, mai ɗan rawaya, sai bangon ya yi taushi a ido, fata ta dawo da kalarta. Ruwan toka mai ratsin ƙasa ba shi da wannan fitina sosai, yana ɗaukar kowane ƙwai. Ruwan madara ma haka. Mai haske irin 7035 kuwa, shi ma a ƙarƙashin farin ƙwai yakan yi kama da bangon da aka yi wa siminti aka manta ba a shafa ba.

Wani abu ƙarami: sauro yana son wuri mai duhu ya lafe da rana, kuma a kan duhun bango ba ka ganinsa balle ka kashe. A Satumba, bayan kujera da kusurwar labule sun ishe ni shaida.

Zafi kuwa, a nan mutane suke haɗa magana biyu wuri ɗaya. Wasu suna cewa tunda sunansa "mai sanyi" ne, zai sanyaya ɗaki. Wannan sanyin ido ne kawai, ma'aunin zafi bai san da shi ba. Wasu kuma suna cewa duk fenti mai duhu yana jawo zafi ko ina aka sa shi. Wannan ma rabin gaskiya ce. Launi yana da tasiri ne inda rana take dukansa. Bangon cikin ɗaki da rana ba ta taɓa shi, ko baƙi ƙirin ka shafa masa ba zai ƙara maka zafin a-zo-a-gani ba. Zafin ɗakinka daga kwanon rufi yake saukowa, da kuma bangon waje da ya sha rana.

A waje ne maganar take da nauyi, kuma a nan ba ni da sassauci. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Zinder yana wuce digiri 40 a inuwa. Farin bango yana korar mafi yawan hasken rana, mai duhu yana shanye mafi yawansa, kuma bambancin zafin fuskarsu da tsakar rana yana iya kai digiri 20. Ba sai an ba ka labari ba: da la'asar ka ɗora tafin hannu a kan farar mota, sannan ka ɗora a kan baƙa. Magabatanmu a Birni da Zango sun yi gini da ƙasa, bango mai kauri wanda zafi yake ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa. Fadar Sarkin Damagaram da tsofaffin gidajen nan masu zanko da zane a fuska shaida ne. Mu kuwa bulo muke ɗorawa mai santimita 15 mai rami a ciki, wanda zafi yake ketawa cikin ƴan sa'o'i. Idan ka shafa wa irin wannan bango ruwan toka mai duhu ta waje, musamman na yamma wanda rana take gasawa daga azahar har faɗuwarta, to ka gina wa kanka tanda. Wani maƙwabcina ya yi haka a ɗakin kwanansa. Ƙarfe goma na dare ka jingina bayanka da bangon ta ciki sai ka ji shi kamar an sauke tukunya. Ya koma kwana a tsakar gida tun Maris.

Kada kuma wani ya ce ai bangon arewa ne, rana ba ta zuwa. A inda muke, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da mu ne, don haka shi ma yana samun rabonsa a daidai lokacin da aka fi jin jiki. Bangon gabas kuwa nasa biyu ne: ranar safe, da ruwan damina mai iska wanda daga gabas yake zuwa ya yi ta dukansa. Bango mai duhu yana yin zafi da rana ya huce da dare fiye da mai haske, wannan buɗewa da tsukewa kullum ita take kawo ƴan tsage-tsagen nan kamar gashi a filasta. Sannan rana tana ƙona sinadarin da yake riƙe launin, sai ka ga fentin ya koɗe ya yi gari, ka shafa hannu ya fito fari. A kan ruwan madara ba a cika lura da wannan ba. A kan mai duhu kuwa, bango yakan yi dabbare-dabbare, ƙarƙashin baranda da duhunsa, inda rana take duka ya yi furfura. A waje dai ruwan madara ko ruwan toka mai ratsin ƙasa mai haske su ne zaɓina, babu na uku.

Sai ƙura, wadda ita ce ainihin mai gidan a Damagaram. Ƙura iri biyu muke fama da ita, kuma kowace da launin da take tona wa asiri. Akwai ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda iskar arewa maso gabas take kwasowa, mafi yawanta daga kwarin Bodele a Chadi. Ita fara-fara ce, laushinta kamar garin bula, tana shiga ko an rufe taga. Akwai kuma ta titi da ta tsakar gida, ja-ja ko rawaya, wadda babura da ƙafafun yara suke tayarwa, ta haɗu da gumin hannu ta zama tabo. Farin bango yana ɓoye ta farko, ta biyu kuma ta kunyata shi: sawun yatsu a gefen makunnin wuta, layin kai a inda ake jingina. Ruwan toka mai duhu akasin haka ne. Dauɗar hannu ba ta cika nunawa a kansa ba, amma a watan Janairu kwana uku kawai ya isa ya yi hazo, duk wani ɗan tudu na filasta ya ɗauki farin layi a samansa. Idan yaro ya ja yatsa a kai, rubutun yana nan sai an goge.

Gogewar ma da tata matsalar. Fenti marar sheƙi shi ya fi kyau da wannan launi, yana ba shi zurfi kamar ƙyallen karammiski, amma idan ka goge shi da tsumma wurin yakan yi ɗan ƙyalli, ya bambanta da kewayensa. Mai ɗan sheƙi, wanda ake kira satine, yana wankuwa da jiƙaƙƙen tsumma lafiya lau, sai dai yana fito da duk wani lanƙwasa na bango. A garin da ake auna ruwa da jarka, wanda ya daɗe yana fama da ƙarancinsa, wankin bango duk mako ba ƙaramin aiki ba ne ga matar gida. A wannan fage ruwan toka mai ratsin ƙasa ya yi wa sauran fintinkau, don kalarsa tana tsakanin ƙurar biyu. Ba wai ba ya datti ba ne, dattin ne yake sajewa da shi. Shi na sa a bango ukun da na canza, kuma tun daga nan sau ɗaya ake kakkaɓe su a wata.

Kafin ka sayi ko lita ɗaya ta mai duhu, ɗauki fitilar hannu da dare ka manna ta a jikin bangon ka haska shi ta gefe. Abin da za ka gani shi ne gaskiyar aikin magininka. Farin fenti mai rufa asiri ne, mai duhu ba ya rufawa. Idan filastar tana da tudu da kwari, sai an bi ta da anduwi, ƙullun da ake sumulce bango da shi, sau biyu an goge da takarda mai yashi, kuma wannan kuɗi ne da lokaci. Sabuwar filasta tana buƙatar kamar mako huɗu ta bushe kafin a shafa mata komai. Na yi gaggawa saboda ina son mu tare kafin azumi, mai fentin ya ce mini, "Alhaji, bangon nan bai gama shan iska ba," na ce ya shafa haka nan. Bayan damina farin gishiri ya feso daga gindin bango kamar kanwa, tsawon taki guda daga ƙasa. A ruwan madara da sai ka duƙa za ka gan shi. A nan tun daga bakin ƙofa yake gaishe ka. Laifina ne, ba nasa ba. Duk bangon da yake jan danshi daga ƙasa, ko wanda bayansa banɗaki ne, kada a kai masa launi mai duhu sai an magance danshin.

Haɗin launin kansa wani darasi ne. Yadda aka saba a nan, mai fenti yana sayen babban bokitin farin fentin ruwa da ake kira fom, ya riƙa ɗiga masa kala daga ƴar kwalba yana juyawa da sanda har ya yi masa daidai a ido. Ga ruwan madara, ko ruwan toka mai haske, ko mai ratsin ƙasa, wannan hanya tana aiki, don ɗigo kaɗan ake buƙata. Mai duhu ba ya samuwa haka. Farin fenti cike yake da farin sinadari, sai ka zuba baƙi mai yawan gaske kafin ya rinjaye shi, kuma idan kalar ta yi yawa fentin yana rasa ƙarfinsa: ya ƙi bushewa da kyau, ya riƙa bin rigar wanda ya jingina. Farar shadda ranar Juma'a da bango irin wannan ba sa shiri. Fentin da aka yi don launi mai duhu daga masana'anta yake zuwa a haɗe, ko a haɗa shi da inji a kan wani tushe na musamman marar farin sinadari da yawa. Ya fi tsada, kuma ba kowane shagon kayan gini yake ajiye shi ba. Wani lokaci sai an yi saƙo Yamai ko Kano. Idan dole sai an haɗa da hannu, a haɗa duk abin da ake buƙata lokaci ɗaya a babban duro, a ajiye lita ɗaya a gefe don gyara. Haɗi na biyu ba ya taɓa zama daidai da na farko, kuma ratsin shuɗin nan ɗigo biyu ne tsakaninsa da komawa shuɗi sosai ko kore-kore. Ka kuma tuna fentin ruwa yana canza kala idan ya bushe, kada ka yanke hukunci a kan abin da ka gani cikin bokiti.

Ga lissafin yawa, da falona a matsayin misali. Kewayensa mita 18, tsayi mita 3, wato murabba'in mita 54. A cire ƙofa da tagogi ya rage kamar 48. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, a bango mai laushi. Mai kaushi ya fi sha. Launi mai haske shafa biyu ya ishe shi, lita 10 ke nan. Mai duhu a kan farin bango yakan nemi uku kafin sawun rola ya ɓace, lita 15 na fentin da ya fi tsada. Ranar da ka gaji da shi kuma, mayar da shi mai haske sai an fara da shafar share fage sannan a bi da biyu ko uku. Na biya wannan kuɗin, na san zafinsa. Bango ɗaya kuwa, mai mita huɗu da uku, lita huɗu ta gama shi.

Duk da wannan dogon ƙorafi, ban taɓa tunanin goge bangon da ya rage ba, kuma ga dalili. Babu launin da yake fito da kayanmu na gida kamar shi. Na rataye faifai uku da aikin dukawan garin nan na jar fata mai ratsin kore a kansa, na ajiye tumtum biyu a gindinsa. A kan farin bango waɗannan kaya suna nan ne kawai. A kan ruwan toka mai duhu jan fatar yana ci kamar garwashi. Tasoshin tagulla, allon zayyana, agogo mai ruwan zinariya, duk haka. Talabijin ma idan tana jikinsa sai ta saje, ido ya huta da dare. Amma yana da zaɓen abokin zama. Ɗakunanmu sun saba da jan kafet mai duhu, kujeru ruwan ƙasa masu nauyi, labule mai kauri har ƙasa. Idan ka tara waɗannan duka da bango mai duhu, ɗakin yana danne ƙirji. Yana son farin silin, karo, wato tayil, mai haske a ƙasa, labule ruwan madara, da katako mai kalar zuma. Idan kayan ɗakin an riga an saye su kuma masu duhu ne, kamar yadda yake a yawancin ɗakunan amare inda iyaye suke kawo gado da kabad da kujeru saiti guda, to bangon ne ya kamata ya sassauta. Ƙanwata ta so ta sa shi a ɗakinta na aure, na ce mata, "Ke dai dubi kalar gadon da Baba ya saya tukuna." Baƙin ruwan ƙasa ne mai sheƙi. Ta sa ruwan toka mai ratsin ƙasa, jerenta ya fito ras.

Akwai wuraren da nake ganin mai duhun ya fi kowane launi dacewa, ba ma a falo ba. Ƙofar gida ta ƙarfe, tagogi da ƙarafunan kariya: fentin mai ruwan toka mai duhu a kan shafar maganin tsatsa yana da kwarjini, ya fi baƙi haƙuri da ƙura, kuma idan katangar ruwan madara ce sai su yi kamar an haife su tare. Illa dai ƙofar da take kallon yamma tana yin zafin da yaro ba zai iya taɓawa ba, gara a yi mata rumfa. Sai zaure da lungun shiga ɗakuna, inda ake jingina, ake jingine babur, yara suke bi da hannu. A nan dabarar da muka gani tun muna yara a azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani ita ce daidai: daga ƙasa zuwa mita ɗaya da ɗan kai a sa mai duhu mai wankuwa, sama a bar shi da haske. Ƙasan ya ɗauki dauɗa, saman ya riƙe haske. Idan fentin mai za a sa a inda yara suke, a duba gwangwanin a tabbata an rubuta babu dalma a ciki, don har yanzu ana samun masu ita a kasuwannin Afirka, kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

Ɗakin tsoho ko tsohuwa, ɗakin karatun yara, kicin, da duk ɗakin da tagarsa ɗaya ce ƙarama: ruwan madara ko fari, kada a yi musu wayo. Ɗakin kwana mai na'urar sanyaya ɗaki da wuta tsayayya, wanda barci kawai ake yi a cikinsa, zai iya ɗaukar mai duhu a bangon kan gado, har ma ya taimaka wa mai barcin rana. Mai gidan haya ya tsaya a mai haske, don wanda zai shiga bayan wannan ba lalle ya so duhu ba, kuma kuɗin mayarwa a kansa zai faɗa. Ruwan toka mai haske mai sanyi, irin 7035, shi ne wanda na fi rasa inda zan ajiye shi a gidan zama: bai da kwarjinin mai duhu, bai da haƙurin mai ratsin ƙasa, jar ƙura kuma tana sa shi ya yi kamar ya tsufa. A ofis ko shago mai farin karo yana da kyau.

Wanda har yanzu zuciyarsa take kan mai duhu, ga abin da na so a ce wani ya gaya mini. Sayi ƙaramin gwangwani, ka sami falle na katako ko kwali mai faɗin mita ɗaya, ka shafa masa sau uku. Jingina shi a bangon da kake nufi, ka dube shi da hantsi, da azahar lokacin da aka rufe tagogi, da magariba, da dare a ƙarƙashin ƙwan da kake da shi, sannan ka kashe wuta ka dube shi da fitilar caji. Ka bar shi mako guda ba a goge ba, in da hali a cikin hunturu. Ka kira wadda za ta riƙa share ɗakin ta faɗi nata, ka kira wanda ya fi kowa tsufa a gidan ya zauna ya karanta wani abu a gabansa. Bangon da za ka zaɓa ya zama wanda yake fuskantar taga yana karɓar haske, ba wanda tagar take jikinsa ba, don shi dama a inuwa yake.

Nawa bangon kudu ne, tagar tana arewa tana kallonsa. Da aka gama sake wa sauran ukun launi na sake ɗauko Inna. Wannan karon ba ta nemi fitila ba. Ta zauna kusa da taga, ta jingina da bango mai kalar duwatsun unguwarsu, ta karanta izu guda, sannan ta nuna jar fatar da ke rataye a bango mai duhun ta tambaye ni wane baduku ne ya yi ta.